Labarin Maroko, da wanda ake gyara wa gari

A da akwai wata unguwa a Ikko, sunanta Maroko, kusa da Victoria Island. Talakawa ne a cikinta, masunta da leburori da barorin gidajen attajirai, wajen mutum 300,000. A watan Yuli na 1990 Gwamna Raji Rasaki ya ba su kwana 7 su tashi, sa'an nan aka sako musu motocin rusau. Hujjar hukuma ita ce wurin kwari ne, ruwa na cinsa, ƙazanta ta yi yawa.

To, ban musa wannan ba. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Da aka kore su, sai aka cike kwarin da yashi, aka ja hanyoyi da magudanai, benaye suka tashi. Ashe ciwon yana da magani tun farko, mai ciwon ne ba a so ya warke. Kaɗan aka ba ɗakuna a Ilasan da Ikota, saura suka watse. Haka aka sake yi wa masuntan Otodo Gbame a 2017, alhali kotu ta hana.

Ni dai, in mai neman ƙuri'a ya zo unguwarmu da alkawarin kwalta da famfo, ba zan yi gaggawar yi masa godiya ba. Sai na tambaye shi takardar filin da zaurenmu da makarantarmu suke a kai, da kuma nawa mai haya zai biya bayan an shimfiɗa kwaltar.