Ribar hannun jarin waje: wa ke yankar rabonsa kafin ta iso hannunka?

A 'yan shekarun nan maganar hannun jari ta bar ofisoshin Lome ta hau babbar hanya ta nufi arewa. Yau a Zangon Sokode, a kasuwar Dapaong, har a ƙananan garuruwa irin su Nano a yankin Tanjuware, za ka sami matashi da waya a hannu yana lissafin abin da kamfani kaza na Amurka ko na Senegal zai raba wa masu jari a ƙarshen shekara. Ni ban ga laifin wannan ba. Bahaushe ɗan kasuwa ne tun kaka da kakanni, kuma wanda ya iya kai goro daga Gwanja zuwa Kano ba zai rasa wayon sayen hannun jari ba. Abin da ya dame ni shi ne, mafi yawan masu wannan lissafi suna yin sa ne a kan kuɗin da ba zai taɓa shiga aljihunsu cikakke ba. Akwai haraji da ake cirewa tun daga tushe, kafin ribar ta bar ƙasar da kamfanin yake, kuma kusan ba wanda ke gaya wa ƙaramin mai jari wannan kafin ya zuba kuɗinsa.

Ga yadda abin yake. Idan kamfani ya ci riba ya yanke shawarar raba wani kaso ga masu hannun jari, gwamnatin ƙasar da kamfanin yake ba ta jira ka karɓa sannan ta biyo ka. Ta san ba za ta aiko ma'aikacinta daga Washinton ko Dakar zuwa Nano ba. Don haka sai ta ɗora wa kamfanin ko bankin da ke biya nauyin ya cire mata nata tun kuɗin na hannunsa. Ragowar ce ke isowa gare ka. A ƙasashenmu masu amfani da sefa ana kiran wannan haraji IRVM. Ba a neman izininka, kuma sau da yawa ba za ka ma lura ba sai ka zauna ka haɗa lissafi.

Mu fara da gida. Kasuwar hannun jarin yankinmu, wato BRVM, tana Abijan, ta fara aiki a 1998, kuma ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA ne suka haɗu a kanta: Togo, Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gini Bisau, Mali, Nijar da Senegal. Kamfanonin da ke da mazauni a Togo a wannan kasuwa ba su da yawa, fitattunsu Ecobank da Oragroup. Ma'ana, ɗan Togo da ya shiga kasuwar, kusan duk abin da zai saya hannun jarin wata ƙasa ne, ko da kuwa da sefa ya biya.

Ɗauki Sonatel, kamfanin sadarwa na Senegal, wanda masu ƙaramin jari suka fi so saboda ba ya fashin rabon riba. A kan ribar shekarar 2023 ya ware sefa 1,750 ga kowane hannun jari, amma abin da ya shiga hannun mai jari sefa 1,575 ne. Ragowar 175, wato kashi 10 cikin ɗari, ta tafi baitulmalin Senegal. Mai hannun jari ɗari ya ga jaka 175 a takarda, ya karɓi jaka 157 da rabi. Jaka 17 da rabi kuwa ba wasa ba ce ga mai sayar da albasa a Dapaong. Idan ka tsallaka Sinkase ka sayi hannun jarin kamfanin Burkina, abin da ake cirewa can kashi 12 da rabi ne. A Najeriya kashi 10 ne, a Gana kashi 8.

To, wannan duk sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da ke jiran mutum a ƙetaren teku. Amurka tana cire kashi 30 cikin ɗari daga ribar da kamfanoninta suka raba wa baƙo. Idan Coca-Cola ko Apple suka ware maka dala ɗari, saba'in ce taka. Amma Bafaranshe ko ɗan Ingila da ya sayi irin hannun jarin da ka saya, rana ɗaya da kai, zai karɓi dala 85, domin ƙasashensu suna da yarjejeniyar haraji da Amurka wadda ta sauko da kason zuwa 15. Togo ba ta da irin wannan yarjejeniya da Amurka. Najeriya, Nijar da Gana ma ba su da ita. A nahiyarmu 'yan ƙasashe ne kawai suka samu, irin su Afirka ta Kudu, Masar, Maroko da Tunisiya. Takardar nan da dillalan intanet ke sa mutum ya cike, mai suna W-8BEN, tabbatarwa ce kawai cewa kai ba ɗan Amurka ba ne. Ga ɗan Togo ba ta rage masa ko kwabo.

Sauran ƙasashen kowa da tsarinsa. Siwizalan tana cire kashi 35, Jamus kashi 26 da ɗoriya, Faransa kashi 12.8 ga mutum ɗaya da ba mazauninta ba, Ingila kuwa ba ta cire komai daga ribar yawancin kamfanoninta. Ka ga ke nan kamfanoni biyu za su iya sanar da riba iri ɗaya, amma abin da zai iso gare ka ya sha bamban, saboda kawai inda aka yi wa kowannensu rajista.

Bari in kawo misali da lissafi mai sauƙi. A ce mutum ya tara sefa miliyan ɗaya, ya sayi hannun jarin da ke raba kashi 4 cikin ɗari a shekara. A takarda jaka 40 ke nan. Idan kamfanin na Amurka ne, jaka 28 za ta rage. Idan na Senegal ne, jaka 36. Wannan tun ba a cire ladan dillali ba, ba a cire kuɗin canji daga dala zuwa sefa ba, ba a cire na turowa ta banki ko ta Flooz ba. Bambancin jaka takwas a shekara ɗaya kamar ba komai ba ne, amma mai jari ba na shekara ɗaya ba ne. A shekara goma jaka tamanin ce, ban da abin da ita kanta za ta haifa da an mayar da ita cikin jari.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Baƙon da ya rasu ya bar hannun jarin kamfanonin Amurka da darajarsu ta haura dala 60,000, dokar Amurka ta ɗora wa dukiyar harajin gado. Galibin masu karatunmu ba su kai nan ba tukuna, amma akwai manyan 'yan kasuwarmu da 'yan uwa mazauna waje da suka kai. Magada su sha wahalar neman lambar sirrin asusun mamaci, su kuma tarar da wata gwamnati tana jiran nata kason, wannan ba abin da uba zai so ya bar wa 'ya'yansa ba ne.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ban ce haraji zalunci ba ne. Kamfanin da ya ci riba a Senegal, da hanyoyin Senegal da wutar Senegal da abokan cinikin Senegal ya ci ta, kuma daidai ne ƙasar ta sami rabonta. Mu ma haka muke so a yi wa kamfanonin da ke cin riba a tashar jiragen ruwa ta Lome. Ƙorafina biyu ne: ana ɓoye wa ƙaramin mai jari gaskiyar lissafi, sannan dokokin da ƙasashenmu suka sa wa hannu don sauƙaƙa masa ba a bin su yadda ya kamata.

A 2008 ƙungiyar UEMOA ta amince da ƙa'idar hana biyan haraji sau biyu tsakanin ƙasashenta. A ciki an ce ƙasar da kamfani yake kada ta cire fiye da kashi 10 daga ribar da za a biya mazaunin wata ƙasar ƙungiyar, ita kuma ƙasar da mutum yake zaune ta yi la'akari da abin da aka riga aka cire masa. A 2010 aka ƙara da wani umarni, wanda ya ce kamfanonin da ke cikin kasuwar hannun jari a sassauta musu, harajin ribarsu ya tsaya tsakanin kashi 2 zuwa 7. Manufar a fili take: a jawo talaka ya fito da kuɗinsa daga ƙarƙashin katifa ya sa a kasuwar yankinsa. Yau fiye da shekara goma ke nan, har yanzu mai hannun jarin Sonatel kashi 10 ake cire masa, na Burkina kuma fiye da haka. Idan gwamnatoci ba su mutunta abin da ministocinsu suka sa wa hannu ba, da wane baki za su ce wa matashin Sokode kada ya kai kuɗinsa waje?

Don haka ina da kira ga ɓangarori uku.

Na farko, dillalan hannun jari masu lasisi, waɗanda ake kira SGI, da bankunan da ke tallata wannan harka a rassansu na arewa. Duk tallan da zai ce kamfani kaza yana raba kaza, ya faɗi abin da zai rage bayan haraji, da manyan baƙaƙe, ba a ƙasan takarda da rubutun da sai an sa tabarau ba. Kuma a yi bayanin da harsunan da mutane ke ciniki da su. Mai shanu a Dapaong da Hausa ko Moba yake ciniki, mai shago a Sokode da Kotokoli ko Hausa. Wanda ya iya zuwa karɓar kuɗinsu, ya iya yi musu bayani da harshensu. Hukumar da ke sa ido kan kasuwar, AMF-UMOA, tana da ikon tilasta wannan.

Na biyu, hukumar tara haraji ta Togo, wato OTR, da ma'aikatar kuɗi. Mutumin da aka cire masa haraji a waje yana buƙatar ya san matsayinsa a gida: shin ya gama, ko akwai saura? Wace takarda zai nema daga dillali ya nuna? Idan an cire masa fiye da abin da ƙa'idar yanki ta ce, ina zai kai kuka? Bai kamata amsar waɗannan tambayoyi ta zama sai an hau mota an yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Lome ba. Sannan wakilan Togo a tarukan UEMOA su riƙa tuna wa takwarorinsu alkawarin 2010, domin 'yan ƙasarsu ne ke biyan kuɗin saɓa shi.

Na uku, mu kanmu. Ba a cinikin biri a sama. Kafin ka sayi hannun jari, yi tambaya uku: a wace ƙasa aka yi wa kamfanin rajista, kashi nawa ƙasar ke cirewa, kuma nawa ne zai shigo hannuna bayan an cire komai da komai? Dillalin da ya kasa amsa waɗannan, ko ya ce maka kada ka damu, ɗauki kuɗinka ka ƙara gaba. Ka kuma sani fitar da kuɗi zuwa wajen yankin sefa don saka jari yana ƙarƙashin dokokin canji na babban bankinmu BCEAO, don haka ka tambayi bankinka kafin ka tura, kada kuɗin ya maƙale a hanya. Duk takardar da ta nuna abin da aka cire maka, ka adana ta kamar takardar fili.

Wannan tambaya ta haraji tana da wani amfani da ba kowa ya lura da shi ba: tana tona asirin 'yan damfara. Kamfanin gaskiya yana da ƙasa, yana da rajista, yana da harajin da ake cirewa, yana da takardar shaida. Wanda ya zo maka da alkawarin ribar kashi 20 ko 30 a wata, ba haraji, ba takarda, ba hannun jari yake sayar maka ba. Maƙwabtanmu na Benin ba su manta da ICC Services ba, wanda ya rushe a 2010 da ajiyar dubban mutane. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma mai damfara ba ya son a tambaye shi ina gwamnati take karɓar nata.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, ga mai ƙaramin ƙarfi da ke neman ribar shekara-shekara, kasuwar yankinmu ta fi kusa da hankali: kuɗin sefa ne, ba asarar canji, abin da ake cirewa bai kai rabin na Amurka ba, kuma dillalin yana da ofishin da za ka je ka same shi. Wanda ya ga dama ya tsallaka teku, hakkinsa ne, kuma akwai dalilan da za su sa mutum ya raba jarinsa kada ya tara shi wuri ɗaya. Amma ya tafi da idonsa a buɗe, yana sane cewa daga kowace dala goma da aka ware masa, uku ba za su bar Amurka ba. Kuɗin da aka tara da gumin noman auduga, da kiwon zabi, da zaman rana a kasuwa, ya cancanci a yi masa lissafi har zuwa dala ta ƙarshe kafin a miƙa shi ga kowa.