Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Duk wanda ya zauna a majalisun manoma daga Funtuwa zuwa Malumfashi cikin 'yan shekarun nan, ya ji gardamar da ake tabkawa a kan irin shuka da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Wasu na rantsuwa cewa makirci ne na hana haihuwa, wasu kuwa na ɗaukarsa tamkar maganin talauci da aka saukar. Ni dai a ganina ɓangarorin biyu sun saki reshe sun kama ganye. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce: ilimin da ya samar da wannan iri, a hannun wa yake?

Mu fara da abin da ya tabbata. A shekarar 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku. An dasa masa ƙwayar gado guda daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa cikin ƙasa, wadda ke sa tsiron ya samar da sinadarin da ke lalata hanjin tsutsar nan mai huda fure da kwanson wake. Manomin da ya saba feshi sau shida zuwa takwas, sau biyu ya ishe shi. Mai tsoron wannan wake ya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Gubar da ke cikin tukunyarmu tuni, ba mu ji ana yi mata zanga-zanga ba.

To amma masu guɗa su ma su dakata. Ƙwayar gadon da ke cikin waken kyauta ce daga kamfanin Monsanto, kuma a wani ɗakin bincike na Ostareliya aka fara dasa ta. Samaru ta yi babban aiki wajen auratayya da gwaji a gonakinmu, sai dai matakin farko, mafi wuya, an yi shi ne a ƙetare. Audugar da aka amince da ita a 2018 kuwa ta kamfanin Mahyco ce na Indiya, kuma irin aure ce, dole manomi ya sayi sabo kowace damina. Funtuwa, garin da layin dogo da injunan gurzar auduga suka raya, ga shi wannan sabon irin auduga daga wata nahiya ya zo mata.

Wanda ke ganin wannan ba komai ba ne ya dubi Burkina Faso. Ta rungumi irin wannan auduga a 2008, ta yi watsi da ita a 2016, domin silinta ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. Laifin na rashin daidaita fasahar da irin gida ne, kuma masu iya gyaran ba su nan. Ƙasar Sin ta bi wata hanya dabam. A 1965, tana cikin talauci, masananta suka haɗa sinadarin insulin a ɗakin gwaji. Da zamanin audugar nan ya zo a 1997, tana da nata irin wanda masananta suka ƙera, ya yi gogayya da na Amurka a gonakinta. Ba dukiya ce ta fara zuwa ba, ilimin ne ya riga ta.

Za a ce mu ba mu da mutane. Wannan batu ba shi da tushe. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello, a nan Zariya ya yi binciken sinadarin da ƙwayar cutar sammore ke amfani da shi wajen ƙarar da jinin dabba, aikin da ya ba shi kyautar kimiyya ta NLNG a 2009. Kowace shekara jami'o'in Zariya da Katsina da Dutsin-ma na yaye ɗalibai a fannin sinadaran jikin halittu. Da yawansu sun haddace siffar DNA a allo, amma ba su taɓa tace ta da hannunsu ba, domin sinadaran gwaji da dala ake sayensu, firjin ajiya kuma ba ya aiki sai da wutar da ba ta yankewa. Daga ƙarshe mai hali ya tsallaka Turai, marar hali ya buɗe shagon cajin waya.

Za a kuma ce talaka abinci yake nema, bincike sai an ƙoshi. Amsar tana cikin rumbunsa. Manomin Bakori ko Ƙafur da ya sayi iri a kasuwa, ba shi da inda zai kai a tabbatar masa na gaskiya ne ko jabu. Masarar da ta yi fumfuna na iya ɗauke da gubar da ke jawo sankarar hanta, kuma ido ba ya ganinta. Tsutsa ita ma tana sabawa da sinadari, kamar yadda ta yi wa audugar Indiya. Idan hakan ta fara a gonakinmu, wa zai gano kafin damina ta lalace?

Saboda haka buƙatata ƙarama ce kuma bayyananniya. Gwamnatin Jihar Katsina ta kafa ɗakin gwaji guda a wannan yanki, mai wutar sola da kasafin sinadarai na dindindin, a haɗa shi da Samaru, a ɗauki 'ya'yanmu masu digiri aiki a ciki. Aikinsa ya zama tantance iri, auna guba a hatsi, da sa ido kan ƙwari, a kuma riƙa bayyana sakamakon da Hausa a rediyo. Jita-jita ba ta samun gindin zama inda ɗan gari ke iya aunawa ya faɗa. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na gadar sama guda ba.

Tun 1975, lokacin da Bankin Duniya ya kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa, muke karɓar taki da iri da shawara daga hannun wasu. Mun gode, amma shekara hamsin ta isa mai karɓa ya koyi ƙira.