Kuɗin Jin Ɗumi a Hunturun Zuru

 Rubutun wannan mako ya faɗo kaina. Tun da hazo ya sauka, leɓe da dunduniya sun fara tsagewa, sai na ga ya dace mu taɓa lissafin da kowane magidanci ke yi a zuciyarsa yanzu: da me za a tafasa ruwan wankan asuba, da me za a ɗumama ɗakin yara da na tsofaffi, kuma nawa abin zai ci kafin Fabrairu ya fita.

Kananzir dai an daɗe da yin sallama da shi. A watan Janairun 2016 aka cire masa tallafi, lita ta tashi daga naira 50 ta koma 83, mutane suka yi ta kuka. Kafin ƙarshen 2022 ta haura naira dubu. Risho ya koma ƙarƙashin gado. Waɗanda suka gudu wajen gas ba su jima da hutawa ba, domin a 2024 cika tukunya mai kilo 12.5 ya wuce naira dubu goma sha biyar a wurare da yawa. Tsakanin nan kuma an cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin dakon komai ya tashi, har da na buhun gawayi. Wutar lantarki kuwa sai an yi sa'a, balle mutum ya dogara da hita. To ina aka nufa? Kowa ya koma daji: ice da gawayi.

Ra'ayina shi ne mun fi yawan kuka da farashin makamashi, alhali babbar asarar tana faruwa ne bayan an saya an kawo gida. Murhun duwatsu uku, wanda har gobe shi ne murhun yawancin gidajenmu, abin da yake kaiwa cikin tukunya bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin icen ba. Sauran yana bin iska. Ma'ana, idan uwargida ta sayi ice na naira dubu, na wajen naira ɗari da hamsin ne ya yi mata aiki, ragowar ta ɗumama sararin samaniya da shi. Gawayi ya fi tsabta a ido, amma tasa ɓarnar tun a daji aka yi ta: a irin turarar da ake yi ta binne ice da ƙasa, sai an ƙone kilo biyar zuwa goma na ice kafin a samu kilo ɗaya na gawayi.

A arewa maso gabashin Amurka, inda gidaje da yawa ke ɗumama ɗakuna da wani mai ɗan'uwan gas ɗin mota, ba a sayar da na'urar ɗumama gida sai da takardar da ke nuna kashi nawa na man take mayarwa zafi, kuma sababbin suna wuce kashi 80. Mai saye yana tambayar wannan lamba kamar yadda muke tambayar shan man babur. Mu a nan, wa ya taɓa tambayar maƙeri yawan gawayin da kurfotinsa ke ci?

Sai ɗakin kansa. Nan ne nake ganin kakanninmu sun fi mu dabara. Ɗakin jar ƙasa mai kaurin bango yana shan rana da yini, ya riƙa sakin ɗumin a hankali cikin dare. Rufin ciyawa ko na azara da ƙasa yana tare ɗumin kada ya fice. Tsofaffi ma har gadon ƙasa suke ginawa da rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi kaɗan, gado ya kwana da ɗumi har asuba. Yau mun gina bulon siminti mai rami a ciki, mun ɗora kwano, mun ce silin sai Allah ya hore. Kwano kuwa ba ya riƙe amana: da rana ya gasa ka, da dare ya miƙa wa sama duk ɗumin da ka tara. Ba ina cewa mu rushe gidajenmu mu koma bukka ba. Amma mutumin da zai sayi buhunan gawayi kowane hunturu, shekara biyar a jere, ya zauna ya kwatanta wannan kuɗi da na silin ɗaki guda, ko da na zana ne ko tabarmar kaba. Toshe ƙasan ƙofa da tsumma da sa labule mai kauri a taga ba sa cin ko sisi a yawancin gidaje.

Sai dai a nan akwai tarko, kuma shi ne ya fi sa ni yin wannan rubutu. Da zarar ka toshe ɗaki, kaskon gawayi ya zama abokin gaba. Garwashin da ke ci a inda iska ta yi ƙaranci yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta tashe ka. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu. Farkonta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abin da a gidajenmu za a ce zazzaɓi ne ko shafar iska. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Tsohon ɗakin ciyawa yana numfashi ta rufinsa, shi ya sa kaka ta yi shekara saba'in tana kwana da wuta. Ɗakin siminti mai tagar gilas ba ya numfashi. Mun ɗauko al'adar tsohon ɗaki mun shigar da ita sabo, ba mu tambayi ko za su zauna lafiya ba. Ƙa'idar a taƙaice: a ɗumama ɗaki ana farke, taga a ɗan buɗe, a fitar da kasko waje kafin a kwanta. Idan ana son ɗumi ya kwana, a gasa tubali ko dutse a naɗe da tsumma, ko a cika jarka da ruwan zafi a sa gefen shimfiɗa nesa da jikin jariri.

(Marubutanmu, ku lura: sau nawa muka karanta labarin da aka kashe hali da haɗarin mota ko ciwon zuciya na dare ɗaya? Ga abin da ke faruwa a unguwanninmu, ba mai ɗauka.)

Akwai masu cewa maganin duk wannan shi ne a hana sare itace, kowa ya koma gas. Na yarda dajin yana ƙarewa. Duk wanda ya bi hanyar Zuru zuwa Riba ko Dirin Daji ya san buhunan da ke jere a bakin titi ba daga sama suka faɗo ba, kuma itatuwan da suka fi ba da gawayi mai ƙarko, irin su ƙirya da marke da kaɗanya, su ne masu daɗewa kafin su girma. Kaɗanyar da aka mayar buhu uku na gawayi, da an bar ta, da ta yi shekaru tana ba matan ƙauye man sayarwa. Ga kuma rashin tsaro da ya sa shiga daji neman ice ya zama kasada a sassan Danko-Wasagu da Sakaba. Duk na yarda. Amma gaya wa mai jego, wadda al'ada ta ɗora wa wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, cewa ta tafasa wannan tukunya da gas, magana ce ta wanda bai taɓa sayen icen jego ba. Dokar hani ba tare da madadi ba, abin da take yi kawai shi ne ƙara wa buhu kuɗi.

Gwamnati ma ta taɓa gwada nata. A ƙarshen 2014 aka amince da naira biliyan 9.2 don sayo murhunan zamani 750,000 a raba wa mata, abin ya ƙare cikin ce-ce-ku-ce. Ni darasin da na gani shi ne murhun da aka yi oda daga nesa, aka raba a taron siyasa, ba ya zama a madafi. Wanda ke zama shi ne wanda maƙerin kasuwa ya iya gyarawa. Murhun Abacha ba wanda ya raba shi kyauta, wahalar kananzir ce ta haife shi, ga shi har yau yana nan.

Ilimin kuma ba a Turai yake ba. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe da ƙera murhu mai tsimin ice. Dabarar ba ta da wuya: a kewaye wuta da yumɓu don zafi ya taru, a bar ƙofar iska ta ƙasa, tukunya ta zauna daf da harshen wuta, a rufe ta da murfi. Ƙasar Zuru ba ta rasa yumɓu ba, ba ta rasa magina tukwane ba, ba ta rasa maƙera ba. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a cikin garinmu. Ga ɓuntun shinkafa da ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injinan casa a faɗin jihar Kebbi, ga totuwar masara da karan dawa, waɗanda ake iya turarawa a daka a cure da ɗan kokon rogo su zama gawayi. Ina so in ga ɗaliban jami'ar sun kafa murhu biyu a kasuwar Zuru ranar da take ci, na duwatsu uku da na yumɓu, ice daidai wa daida, tukunya iri ɗaya, ruwa mudu ɗaya, mata su tsaya su ga wanda zai riga tafasa da kuma icen da zai rage a gefen kowanne.