Waiwaye: Rumfar Mai Magani da Abin da Ke Bayanta

Duk wanda ya ci kasuwa daga Ƙanƙara zuwa Faskari da Sabuwa, ya san rumfar mai magani. Galibi a gefen kasuwa take, mai ita na zaune kan buzu, ya baje kayansa. Muna yara ratse mata muke yi, don an ce mana kada mu nuna ta da yatsa.

Sai da na girma na zauna a irin wannan rumfa, na kalli kayan da kyau. A gaba akwai sassaƙen maɗaci, ganyen sabara, tazargade da ɓawon hano na turare. A can ciki kuwa ga ƙayar bushiya, busasshiyar hawainiya, kan ungulu, wuri, guraye da kambuna. Na tambayi tsohon abin da ya raba su. Ya ce, "Ɗana, na gaban nan na ciwon jiki ne. Na cikin kuwa sai masu abu sun nema." Iskoki yake nufi, amma bai kama sunansu ba.

Wannan rumfa ragowar wani tsohon addini ce. Kafin Musulunci ya kafu, Hausawa sun yi imani da iskoki masu zama a duwatsu, kogunan tsamiya da kuka. A bori, kowane iska da sunansa da halinsa da kiɗansa: Sarkin Aljan Sulemanu a birnin Jangare, Ɗan Galadima mai son ado da caca, Malam Alhaji mai fararen kaya, Kuturu, Sarkin Rafi, da Inna wadda ake jingina wa shanyewar jiki. Wanda ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai a yi masa girka, a goga goge ko a kaɗa garaya, iska ya hau shi, ya faɗi abin da yake so a yanka masa.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya raba bori da fada, amma bori ya ci gaba a ƙauyuka da cikin gidaje, musamman wajen mata da Maguzawan kudancin Katsina, waɗanda Baturen nan Murray Last ya zauna cikinsu a yankin Malumfashi wajen 1970. Bayin da aka ƙetara da su hamada sun kai bori har Tunis da Tarabulus, inda wani Bature, Tremearne, ya same shi, ya wallafa littafi a kansa a 1914. Haka bautar Vodun ta bar gaɓar Dahomey ta isa Haiti a jiragen bayi. A Jamhuriyar Benin har yau ana bikinta a watan Janairu, kasuwar Akodessewa ta Lome kuma cike take da kaya irin na cikin rumfarmu.

Abin da waiwayen nan ya nuna mini shi ne, kasuwar kayan ciki tana ci ne a lokacin tsoro. Da asibiti ya yi nisa, iyaye suna kai yaron da ƙafarsa ta shanye wurin boka. Da rigakafi ya game gari, a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da cutar shan inna ta daji. Yau da 'yan bindiga suka addabi yankinmu, har suka kwashe ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara a Disamban 2020, maganin bindiga da layar ɓata ake nema. Matashi ya sayar da akuyarsa ya ɗaura guru, ya tari harsashi da ƙirji. Ungulu ma ta kusa ƙarewa a mahautanmu, kuma cinikin sassan jikinta na cikin dalilai.

Don haka a rarrabe. Sanin itatuwa gado ne mai daraja. Ya kamata masu ilimin harhaɗa magunguna su zauna da tsofaffin nan, su rubuta abin da suka sani, su gwada shi, tun ba su tafi da shi kabari ba. Yanka wa iska da dogaro da guru kuwa, Musulmi ya san hukuncinsu, kuma wa'azi cikin hikima ya fi zagi tasiri. Hukuma ta kawo asibiti kusa, ta tsare rayukan jama'a, iyaye kuma mu gaya wa 'ya'yanmu gaskiyar tarihinsu. Waiwaye adon tafiya ne, wanda ya san inda aka fito ba a yaudararsa da tsoro.