Sharhi: Shamfun Magani Da Dokar Takardar Likita A Fegge

Mazauna Fegge a Onitsha, ciki har da Hausawa 'yan kasuwa da masu aski, maƙwabta ne ga Ogbo Ogwu, babbar kasuwar magunguna ta Bridge Head da hukumar NAFDAC ta rufe na ɗan lokaci a Fabrairun 2025. A irin wannan wuri, mai ƙaiƙayin kai yakan sayi magani kafin ya san cutar da ke damunsa.

Shamfun ketoconazole na maganin amosani yana nuna yadda dokokin suka bambanta. A Amurka ana sayar da mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 ba tare da takarda ba, mai kashi 2 kuwa sai likita ya rubuta. A Birtaniya mai kashi 2 ɗin ana samunsa a kantin magani. Dalilin sassaucin shi ne abin da ke shiga jini ta fatar kai bai taka kara ya karya ba. Ƙwayar ketoconazole ta sha kuwa, a 2013 hukumomin Turai da Amurka suka taƙaita ta saboda illarta ga hanta.

Inda takardar likita ta fi amfani shi ne wajen gane cutar. Makeron kai, wanda ya fi kama yara kuma yake yaɗuwa ta askar wanzami, injin aski da mataji, yana shiga cikin gashi har saiwarsa. Shamfu yana rage yaɗuwarsa kawai. Warkewa sai da maganin sha irin su griseofulvin na tsawon makonni. Uwar da ta shafe watanni tana wanke kan ɗanta da shamfu tana iya ganin gashin ya zube, wani lokaci har da tabon da ba ya sake tsiro. Mafi muni, man shafawa mai clobetasol yana kwantar da ƙaiƙayin, cutar kuwa tana ci ta ƙarƙashi.

Dokar Majalisar Harhaɗa Magunguna ta 2022 ta ba PCN ikon sa ido kan masu kemis, waɗanda lasisinsu bai wuce magungunan da ba sa buƙatar takarda ba. Sai dai muddin dillali zai ɓalle kwali ya sayar wa mai tafiya ɗaya-ɗaya, wannan iyaka a takarda kawai take. Kano ta fara kwashe dillalan Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024. A Anambra, cibiyar Oba aka tsara domin 'yan Ogbo Ogwu.