Tsohuwar Kwamfuta Ba Ta Mutu Ba, Rumbunta Ne Ya Gaji

Matasa da yawa na sayar da kwamfutar tafi-da-gidanka da araha don ta fara nauyi, alhali sau da yawa laifin na rumbun ajiya ne kawai. Tsohon rumbu, wato HDD, faifai ne mai juyawa sau 5400 a minti, kuma da ƙyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa. SSD mai mahaɗin SATA kuwa yana kai 500, ba ya ƙara, kuma ba ya tsoron jijjigar Keke Napep. Kwamfutar da kan ɗauki mintuna kafin ta buɗe sai ta koma daƙiƙu.

Aikin bai kai yadda ake tsoro ba: a kwashe bayanai tukuna, a kashe na'urar, a cire batir, sannan a kwance ƴan kusoshi. Sai dai a duba ramin kafin a biya, domin mai inci 2.5 daban, M.2 daban. Sababbin MacBook ma nasu a manne yake.

Inda ake kuka shi ne wajen saye. SSD mai terabait 1 a farashin banza galibi jabu ne, kuma ranar da ya tsaya, hotunan biki da aikin makaranta sun tafi. Gara gigabait 256 na Samsung ko Crucial.