Takalman Dorothy: Ja ne ko azurfa?

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin "The Wizard of Oz" na 1939, in aka tambaye shi launin takalman Dorothy, ba wata-wata zai ce ja ne. To, a littafin ba haka abin yake ba. L. Frank Baum, Ba'amurken da ya wallafa labarin a 1900, takalman azurfa ya ba yarinyar. Kamfanin MGM ne ya rine su, don a lokacin fim mai kala shi ake yayi, ja kuma ya fi ɗaukar ido. Judy Garland na saka su, shi ke nan, fim ya danne littafi.

Wannan ita ce ƙura da Eric Shanower da Skottie Young suka tarar lokacin da kamfanin Marvel, masu Spider-Man, ya tashi mayar da littafin labarin zane. Shanower ya tsara maganganu, Young ya yi zanen, aka fitar da shi kashi 8 daga 2008 zuwa 2009. Su bi fim ɗin da kowa ya haddace, ko su koma wa Baum? Sai suka koma wa Baum. Da ma dai ko sun so, jan takalmin nan hakkin masu fim ne, littafin kuwa tuni ya zama na kowa.

Kuma sun yi daidai. Dubi zancen mayu. A littafi mayun kirki biyu ne: ta Arewa, wadda ta tarbi Dorothy amma ba ta san sirrin takalman ba, sai Glinda ta Kudu da ta faɗa mata a ƙarshe. Fim ya haɗe su wuri guda. Shi ya sa mai kallo zai ce, haba baiwar Allah, kin san takalman nan za su kai ta gida tun farko, kika bar ta tana gararamba? A labarin zanen wannan ɓaraka ba ta taso ba.

Sun dawo da koren tabarau da ake tilasta wa kowa sakawa a birnin Oz, da ɓerayen da suka jawo zaki daga gonar furanni masu sa barci. Sannan tafiyar Dorothy gaske ce, ba mafarki ba kamar yadda fim ya nuna.

Aikin ya ci lambar yabo ta Eisner har biyu a 2010, suka kuma ci gaba sai da suka zana littattafan Oz 6.

Sai dai fa akwai inda takarda ta gaza, kuma masu son waƙa a fim za su fi kowa ji a jikinsu: duk iya zanen Young, ba shafin da za a buɗe a ji Judy Garland na rera "Over the Rainbow".